Na je taron sa hannun marubuciya a Landan, 'yan fim suka cinye fili

Uwar Biyu
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ranar Asabar na samu zuwa taron da na yi muku maganarsa kwanaki, na marubuciyar nan mai labaran al'ajabi wadda aka mayar da littafinta na farko fim. A wani babban shagon littattafai aka yi, a tsakiyar Landan. Ba zan kama sunan shagon ba, ba zan kama nata ba, don akwai ƙorafi a maganata kuma ba na son ya zama yarfe.

Tikiti fam 25 ne, har da littafi mai kwalin bango. A bakin ƙofa aka ɗaura wa kowa 'yar takarda mai lamba a wuyan hannu, sai layi, daga benen sama ya biyo matattakala har titi. Kun san Disamba a nan, tun kafin ƙarfe 4 rana ta faɗi, don haka la'asar da magariba duk a layi suka riske ni. Wata dattijuwa da ke bayana ce ta riƙe mini wuri har da jakata, na je na yi salla a wani lungu tsakanin kantocin littattafan girki.

Da muka hau sama sai na tarar kamfanin fim ya riga kowa isa. Hotunan jarumai daga ƙasa har rufi, ga babbar talabijin tana ta maimaita tallar fim ɗin, ta ƙare ta sake ɗaukowa, ga takobi da alkyabbar jarumin a cikin akwatin gilas. Na matsa kusa da takobin. A talla yana ta walƙiya, a ido kuwa roba ce aka shafa wa fenti, har fentin ya ɗaye a wajen mariƙi. Jarumai biyu suka zo, saurayi da budurwa, mai gabatarwa ya yi ta jera musu tambayoyi: yaya kuka koyi hawan doki, wa ya fi ba ku dariya a wajen ɗaukar fim. Ita mai labarin tana can ƙarshen tebur, makirufo a cinya. Tambaya biyu aka yi mata, ta biyun ma wai ya ta ji da ta ga jarumin cikin kayansa. Wallahi sai ta koma kamar amaryar da makaɗa suka manta da ita ranar bikinta. Jaruman na fita ta ƙofar baya ɗakin ya rage, wasu ko tsayawa a sa musu hannu ba su yi ba.

Mu da muka tsaya, ma'aikaciyar shago ta bi layi tana rubuta sunan kowa da manyan baƙaƙe a 'yar takarda mai manne, ta liƙa a shafin farko. Littafi ɗaya kawai za a rubuta wa suna, ba tsayawa hoto. Da na isa gabanta na ga bandeji a wuyan hannunta, gefen tafinta ya yi baƙi da tawada. Na ce mata a aikin dare na karanta littafinta, kuma babin da yarinyar ta koma garinsu ta tarar an rushe gidan kakarta ya hana ni barci. Ta ajiye alƙalami ta ɗago ta dube ni sosai, ta ce shi ne babin da ta fi shan wahalar rubutawa, kuma babu shi a fim.

Wannan magana ce ta tsaya mini a rai. Ga shi kuma littafin da aka ba mu ba ainihin bangonsa ba ne, fuskokin jaruman ne a kai. Ku faɗa mini, irin wannan taro na littafi ne ko na fim? Marubucin da aka mayar da littafinsa fim, riba ya ci ko asara?

Bakatsine
Wa alaikumus salam. Anti sannu da ƙoƙari, amma ni gaskiya ban ga abin ba tun daga tushe. Fam 25 a canjin yanzu ya haura naira 40,000, ga wuni guda a tsaye cikin sanyi, duk don minti ɗaya da layin tawada. Labarin da ke cikin wanda aka sa wa hannu shi ne dai a cikin wanda ba a sa wa ba. Da kuɗin nan sai ki sayi littafi biyu masu laushin bango har a ba ki canji. Ni a wajena a rubutu ake saduwa da marubuci, ba a tebur ba.

Auta
Anti Uwar Biyu ki yi haƙuri, zan ɗan kare waɗanda suka watse ɗin. Ni ma irinsu ce a da. Ban taɓa sanin akwai littafin Harry Potter ba sai da na kalli fim ɗin a faifan da yayana ya kawo, ina firamare. Don in san abin da zai faru gaba na nemi littattafan, ga ƙamus a gefe, Turancina ma a nan ya miƙe. Yau ga ni cikin zauren masu karatu. Cikin waɗanda suka bi jaruman nan, ko goma ne suka koma gida suka buɗe littafin, ai za su iske babin gidan kakar yana nan, ba wanda ya yage shi. Fim ne ya kai musu littafin har hannu.

Uwar Biyu
Auta ƙanwata, ban ƙi taki ba. Amma a shagon littafi muke fa, ba a sinima ba. Filin Leicester yana nan kusa, can ake shimfiɗa wa jarumai jar darduma duk lokacin da za a buɗe babban fim, ba wanda ya hana su. Wuri ɗaya da ya rage na marubuci shi ne teburin nan, shi ma an karɓe.

Malam Na Tudun Wada
Hajiya Uwar Biyu, tambayarki ta biyu zan ɗauka, ta riba da asara, don sai an san yadda cinikin yake za a gane abin da kika gani.

Galibi kamfanin fim ba ya sayen littafi kai tsaye. Kafin alƙalami yake bayarwa, a rubuta cewa na shekara ɗaya ko ɗaya da rabi ba wanda zai taɓa labarin sai shi. In wa'adi ya cika ya sabunta ko ya saki. Sai ranar da za a fara aiki da gaske ake biyan cikakken kuɗi. Littattafai da yawa a wannan mataki suke tsufa. Ku dubi Tomi Adeyemi, 'yar asalin ƙasar Yarabawa da aka haifa a Amurka. Tun 2017, kafin ma Children of Blood and Bone ya fito a 2018, kamfanin Fox 2000 ya kama haƙƙin fim ɗinsa. Disney ya saye Fox, aikin ya koma hannun Lucasfilm, ya zauna, sai a 2022 Paramount ya karɓa, kuma watan Janairun 2027 ya sanar a matsayin lokacin fitowa. Shekara goma ke nan tsakanin sa hannu da sinima.

To daga ranar da aka biya cikakken kuɗi, galibi marubuci ba shi da ta cewa a kan wane babi za a bari, wane za a cire, wa zai fito a matsayin wa. Sai dai mai ƙarfin da zai gindaya sharaɗi, kamar J.K. Rowling, marubuciyar Harry Potter, da ta dage 'yan wasan Birtaniya za a ɗauka. Tolkien ya sayar da haƙƙin The Lord of the Rings ga United Artists a 1969 a kan fam 100,000 da 'yan kai, ya rasu a 1973. Finafinan da Peter Jackson ya shirya a kan littafin suka fito 2001, 2002 da 2003, na ukun shi kaɗai ya ci kyautar Oscar 11. Duk da haka sai da magadansa suka kai New Line, kamfanin da ya yi finafinan, kotu a 2008 a kan kasonsu, aka sasanta a 2009. Ɗansa Christopher kuma ya gaya wa jaridar Le Monde a 2012 cewa an kwashe wa littafin hanji an mayar da shi fim ɗin faɗa na samari. Amma wa zai ce finafinan ba su jawo wa littafin sababbin masu karatu miliyoyi ba?

Wanda ya fi taɓa ni shi ne na Ursula Le Guin. A labarinta na Earthsea, da ya fara fitowa a 1968, da gangan ta sa jarumin da yawancin mutanen duniyar tata masu duhun fata ne. Da wata tashar Amurka ta mayar da shi wasan talabijin a 2004, Bature fari aka ba matsayin. Ta fito ta rubuta a mujallar Slate cewa ba labarinta ba ne wannan, kuma ba a saurare ta ba lokacin da ake shiryawa.

Saboda haka matar da kika gani da makirufo a cinya, a aljihu ta ci riba, ba shakka. Amma kuɗin taron, hotunan, zuwan jaruman, duk daga asusun tallar fim suke fitowa, kuma mai biya shi ke tsara tambayoyi.

Bakatsine
Allah ya gafarta Malam, ai maganata ka ƙarfafa. In dai taron talla ne, me ya kai mai karatu?

Malam Na Tudun Wada
A'a Bakatsine, ban ce haka ba. Wa'adin jaruman ya ƙare sun tafi, ita ta zauna har mutum na ƙarshe da ciwon hannu. Wannan ɓangaren ba kamfanin fim ne ya tsara shi ba.

Mai Kanti
Ni sana'ata ce sayar da littafi, ko da yake ba a Ingila ba, don haka bari in tsaya wa shagon. Ba son rai ne ya sa suka buɗe wa 'yan fim ƙofa ba. Tun daga 1900 akwai yarjejeniya a Birtaniya tsakanin masu ɗab'i da masu shaguna cewa ba mai karya farashin da aka buga a bango. Ta wargaje a 1995, kotu ta soke ta a 1997. Daga nan manyan kantunan kayan masarufi da masu sayarwa ta intanet suka shigo. Da littafi na bakwai na Harry Potter ya fito a Yulin 2007, farashin bango fam 17.99 ne, kantin Asda ya sayar da shi fam 5, ƙasa da yadda ƙaramin mai shago yake saro shi. Har wasu masu ƙananan shaguna suka riƙa zuwa can suna sayowa su dawo su sayar.

To ka faɗa mini, me shago zai ba ka wanda intanet ba zai iya ba? Mutum a zaune a gabanka da alƙalami. Shi ya sa ake haɗa tikiti da littafi, kowane kai da ya shigo kwafi ɗaya ya fita a cikakken farashi. In kuma kamfanin fim ya ce zai kawo jarumai kyauta, layi ya ninka, wane mai shago ne zai ce a'a? Ni dai ba zan ce ba, haya ba ta jira.

Bangon fim kuma, Hajiya, na san yana ɓata wa tsofaffin masu karatu rai, amma shi ke tafiya a tashar jirgi da kantin unguwa. Wanda ya ga talla jiya, fuskar da ya gani yake nema yau.

Uwar Biyu
Alhaji Mai Kanti na fahimta, kuma ba na son shagon ya mutu, ina zan je ranar hutu? Abin da nake cewa a yi adalci a rabon lokaci. Da an ba ta minti goma ta karanta shafi biyu da bakinta, da ban buɗe wannan zance ba. Kuma da an bar mutum ya zaɓi bangon da yake so. Yarinyar da ke kaina tun da na karanta littafin ba ta yi kama da wadda ke bangon nan ba, yanzu duk na ɗauko shi fuskar wata nake gani.

Hajiya Babba
Ni wata tambayar ce da ni, ku yi mini uzuri in na kauce. Irin waɗannan labaran na bokaye da tsafi da dodanni, anya ya dace musulmi ya bi layi a kansu, har ya kai 'ya'yansa? Jikokina suna can Manchester, uwarsu ta ce suna ta roƙon a kai su kallon irin wannan fim. Hankalina bai kwanta ba.

Malam Na Tudun Wada
Ranki ya daɗe, tambaya ce mai kyau, kuma hukunci na malaman addini ne, ni malamin adabi ne. Abin da zan iya faɗa shi ne irin wannan labari ba baƙo ba ne a wajenmu. Gasar da aka yi a Zariya a 1933 ita ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, duka biyun cike suke da aljanu da tafiya ƙasashen da ba a taswira. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa ya biyo a 1951. Da su aka koya mana karatu a aji, a hannun malamai masu tsoron Allah. Yaron da aka yi wa tatsuniyar Gizo da dodo ya san ƙage ne tun daga "ga ta nan ga ta nanku". Amma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba, akwai na yara, akwai na manya masu zubar da jini da tsiraici. A Birtaniya kowane fim yana da lambar shekaru a jikinsa, U, PG, 12A, 15, 18. Uwarsu ta duba lambar, in da hali ta fara karanta littafin da kanta.

Hajiya Babba
To Malam, na gode. Zan gaya mata ta karanta tukuna. Amma ni dai har yanzu tsafin nan da ake koya wa yara a makaranta cikin fim bai kwanta mini ba, gara na dodanni da takubba.

Auta
Hajiya, in ta karanta ta ga bai yi mata ba ta bari, akwai wasu da yawa. Ni mahaifiyata tare muke kallo, tana tsayar da faifai ta yi mini bayani in ta ga abin da bai dace ba.

Ɗan Damagaram
Salamu alaikum. Malam, kun kawo misalan Turawa, ku ba ni dama in kawo namu na Nijar, don abin ya taɓa faruwa da mu. Abdoulaye Mamani ya rubuta Sarraounia a 1980, labarin Sarauniya Mangu ta Lugu da ta tari rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine a 1899. Ba labarin al'ajabi zalla ba ne, tarihi ne, amma asiri da tsafin Azna suna ciki. Med Hondo, ɗan Muritaniya, ya mayar da shi fim a 1986, ya ci babbar kyautar FESPACO, bikin finafinan Afirka, a Wagadugu a 1987. Sai dai a Burkina Faso aka ɗauke shi, 'yar Burkina ce, Aï Keïta, ta fito a Sarauniya. Ƙasar Arewa ta Nijar ce a labari, amma ba ita ce a hoto ba. Duk da haka ni ban taɓa jin haushin fim ɗin ba, don ya kai sunan Lugu inda littafin Faransanci bai kai ba. Mutanen da ba su taɓa shiga lakwal ba sun ga Sarauniya da idonsu. Don haka ina bayan Auta.

Bakatsine
To mu koma kan sa hannun. Wani ya gaya mini amfaninsa banda a ajiye a kanta. Ko ana sayarwa ne?

Baban Khalifa
Ana sayarwa, amma kada kowa ya sa rai. Abin da ke sa littafi tsada ƙarancinsa ne. Bugun farko na Harry Potter na 1997 mai kwalin bango kwafi 500 kacal kamfanin Bloomsbury ya buga, kusan 300 suka tafi ɗakunan karatu yara suka yi ta murza su. Shi ya sa a Disambar 2021 aka yi gwanjon guda ɗaya mai kyau a Amurka a kan dala 471,000. Amma littafin da aka buga dubbai saboda fim, marubuciya ta sa wa ɗaruruwa hannu a dare ɗaya, ba zai wuce kuɗinsa da yawa ba. In an rubuta sunanka a ciki ma masu tara littattafai sun fi son wanda ba suna.

Kuma yawancin "mai sa hannu" da kuke gani a shaguna marubucin bai taɓa riƙe littafin ba. Fararen takardu ake aika masa gida cikin kwali, ya yi ta sa hannu, a mayar maɗaba'a a ɗinke su cikin littafi. John Green ya yi wa kwafi 150,000 haka na littafinsa da ya fito a 2012. Margaret Atwood ta Kanada kuwa, yawon sa hannu ya gajiyar da ita har ta sa aka ƙera na'ura mai suna LongPen, aka nuna ta a baje kolin littattafai na Landan a 2006, marubuci yana gida yana rubutu, hannun ƙarfe yana kwaikwaya a wata ƙasa. Bai karɓu a wajen masu karatu ba sosai. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka ba tawadar ake bi wa layi ba.

Uwar Biyu
Yauwa Baban Khalifa. Bakatsine ƙanena, ka ce a rubutu ake saduwa da marubuci. Gaskiya ne, amma saduwar ta gefe ɗaya ce. Ita ta yi mini magana shafi ɗari huɗu, ni ban taɓa ce mata komai ba. Ta zauna ita kaɗai a ɗaki ta rubuta babin nan, 'yan fim suka ce ba ya da amfani suka cire. Ranar Asabar wata baƙar mace mai hijabi daga wata nahiya ta tsaya gabanta ta ce babin ya iso. Na ga fuskarta lokacin. Ko ba a sa mini hannu ba, da na biya fam 25 don in faɗa mata hakan.

Bakatsine
Wannan kam na ji ta, Anti. Amma wasiƙa ma za ta isar da saƙon, ba sai an sha sanyi ba. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Mai Kanti
Akwai abin da nake so mu lura da shi, mu da muke gida. Mu ƙaddamarwa muka sani. A kama zaure, a gayyato babban mai ƙaddamarwa da uban taro da uwar taro, a yi jawabai, mai kuɗi ya sayi kwafi biyar a kan miliyan, a tafa, a watse. Sau da yawa kwafin nan a but ɗin mota suke kwana. Ɗalibin da ya zo da kuɗin kwafi ɗaya yana can kujerar baya, ba ya ko isa wajen marubucin. Abin da Hajiya ta ba da labari, duk da ƙorafinta, kowa farashi ɗaya ya biya, kowa ya bi layi ɗaya, kowa ya samu mintinsa. Ni wannan ne ya burge ni. An fara ganin irinsa a bukukuwan littattafai kamar KABAFEST da aka fara a Kaduna a 2017, inda marubuci ke zama a tebur bayan tattaunawa, amma a shagunanmu bai zama al'ada ba.

Ɗan Damagaram
Alhaji, ku ne za ku fara ai. Tebur ɗaya ne da kujera.

Mai Kanti
Tebur ba wuya. Wuyar ita ce marubucin ya yarda ya zo ba babban baƙo, ya wuni ya sayar da kwafi talatin. Shi ma bashin maɗaba'a ne a kansa, ƙaddamarwar nan ita ke fitar da shi. Ban ga laifinsa ba. Amma ina tunanin abin, musamman ga masu rubuta littattafan yaƙi da na aljanu, don samarin da ke karanta su sun san marubutan da suna, ba su taɓa ganinsu ba.

Malam Na Tudun Wada
Kuma a tuna mu ma littafi ya sha zama fim. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976. In da So da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya fito a 1991, ya zama fim a 1994, kuma a nan marubucin da kansa yana cikin masu shiryawa, ba sayarwa ya yi ya koma gefe ba. Kuɗin kaɗan ne, amma labarin bai bar hannun mai shi ba. Abin da ya hana mu finafinan al'ajabi masu kyau tsada ce, dodo ɗaya na kwamfuta da zai gamsar da ido ya fi ƙarfin kasafin fim ɗinmu gaba ɗaya.

Auta
Anti, to za ki kalli fim ɗin kuwa in ya fito?

Uwar Biyu
Zan kalla, da 'yan biyuna, amma sai sun gama littafin. Mun kai babi na shida, kullum bayan isha'i.

Baban Khalifa
Don a yi wa taron adalci, ba kullum fim ke danne littafi ba. Daren 21 ga Yulin 2007 Rowling ta zauna a gidan tarihin halittu na Landan, mutum 1,700 da aka zaɓa ta hanyar ƙuri'a suka bi layi, ta yi ta sa hannu har gari ya waye, kuma a makonnin nan fim ɗin Harry Potter na biyar yana sinima. Ba jarumin da ya karɓe mata fili. Bikin buɗe fim na ƙarshe kuma daban aka yi shi, a dandalin Trafalgar ranar 7 ga Yulin 2011, mutane suka kwana a waje don su samu wuri. Kowanne da ranarsa. Matsalar tana zuwa ne ga marubucin da sunansa bai kai na jaruman ba tukuna.

Yayan Ummi
Na daɗe ina bin zancen ban sa baki ba. Ina Birmingham, 'yata tana son irin waɗannan littattafai sosai, ina so in kai ta ko sau ɗaya. Anti Uwar Biyu, ta ina ake sanin za a yi, kuma me zan shirya?

Uwar Biyu
Yayan Ummi, manyan shagunan duk suna da shafin taruka a intanet, ka yi rajista su riƙa turo maka saƙo, don tikitin sanannen marubuci ba ya kwana. Waterstones suna da reshe a Birmingham, ba sai ka zo nan ba. In kuma kun shigo Landan, akwai babban reshensu na Piccadilly, kusa da shi ga Hatchards da ke nan tun 1797, ga Foyles a titin Charing Cross, ga Forbidden Planet a Shaftesbury Avenue wanda ya fi karkata ga labaran al'ajabi.

Ka karanta sharuɗɗan tikiti da kyau, nan ake faɗin littafi nawa za a sa wa hannu, da ko an yarda ka zo da naka na gida. In an yarda, ku tafi da wanda ta karanta, ko ya tsufa. Ka duba ko an rubuta za a yi karatu ko tattaunawa da marubuci, in ka ga sunayen jarumai sun fi nasa girma a sanarwar ka san abin da za ka tarar. Ku yi alwala tun daga gida, ku ɗauki ruwa da rigar sanyi mai kauri. Kuma ka sa Ummi ta shirya abu ɗaya da za ta faɗa tun a hanya, don in an isa gaban tebur ma'aikata ba sa bari a daɗe.

Yayan Ummi
Na gode Anti, Allah ya bar zumunci. Yara 'yan ƙasa da shekara goma sha biyu ma sai an saya musu tikiti?

Uwar Biyu
Ya danganta da taron. Wanda na je, kowane mai shiga da tikitinsa, amma an bar babba ɗaya ya raka yaro kyauta in littafi ɗaya za su karɓa. Ka kira shagon ka tambaya kafin ka biya.